Amsa ga mai son hawa Chappal Waddi daga Legas

Ɗan uwa da ka tambaya ko mutumin da ya saba da zaman Agege zai iya takawa har ƙolin Chappal Waddi, wlh zai iya amma fa sai da shiri. Dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti a jihar Taraba, bakin iyakar Kamaru, tsayinsa mita 2,419 kuma duk Najeriya babu wanda ya kai shi. Mu nan Legas a bakin teku muke, ƙasa shimfiɗe, ƙafarka bata san hawa ba ko kaɗan, don haka tun yanzu ka rage hawa okada ka dinga tafiyar ƙasa da jaka a baya, ka samu bene mai tsawo kana hawa kana sauka har gwiwa ta saba, saukowa ma tafi hawa cin gwiwa.

Kaje da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, da damina rafuka suna cika hanya ta zama santsi. Sanyin dare a can ba wasa bane, ka ɗauki bargo da rigar sanyi mai kauri, takalmi kuma wanda ka riga ka saba dashi, sabo zai yi maka kanta tun ranar farko.

Don Allah kar ka shiga kai kaɗai. Ka fara zuwa ofishin gandun a Serti su haɗa ka da ɗan jagora kuma ka tambayi halin tsaro. In kun isa ƙauye ko ruga ku fara gaida mai gari, Fulatanci ake ji sosai a wajen, ka koyi ko gaisuwa ce, kuma ka riƙe tsabar kuɗi saboda netwok yana ɗaukewa.