Amsa: Me ya sa Gradle ya daina gina manhajata?

Ɗan'uwa mai tambaya daga Garwa, ka ce manhajarka ta Android ta ginu lafiya a makon jiya, yau kuma Gradle, wato kayan aikin da ke haɗa lambobin manhaja ya gina ta, ya ƙi, alhali ba ka taɓa komai ba. Abin da zan fara zargi shi ne alamar + da ka sa a ƙarshen lambar sigar wani laburare (wato shiryayyun lambobin shirye-shirye da wasu suka rubuta, waɗanda manhajarka ke dogaro da su), domin ita ce ke ba Gradle damar sake neman sabuwar siga duk bayan awa 24, wadda wataƙila ba ta jituwa da sauran laburarorinka. Ka cire ta, ka rubuta cikakkiyar lambar, sannan ka tattara dukkan lambobin a fayil ɗin libs.versions.toml. Umarnin gradlew app:dependencies zai nuna maka laburaren da ya janyo wani ba da saninka ba. Idan akwai jcenter() a aikinka, ka maye gurbinsa da mavenCentral(), domin dukkansu rumbuna ne da Gradle ke sauko da laburarori daga cikinsu, kuma an sanar da rufe JCenter a 2021.

Batun tsadar data kuwa, wanda ya dame mu duka a arewacin Kamaru, ka sauke komai sau ɗaya lokacin da intanet ke da ƙarfi, daga nan ka riƙa ginawa da --offline, wanda ke sa Gradle ya yi amfani da abin da ka riga ka sauke ba tare da shiga intanet ba.