Daga Amurka zuwa Jamus: me zai fi ba su wuya?

Hajiya, kin ce ƙanwarki da mijinta Ba'amurke za su bar Texas da yaransu su koma Jamus, kina tambayar inda gizo ke saƙa.

A ganina makaranta ce. A Amurka iyaye na iya koyar da yara a gida, amma dokar Jamus ta hana. Dole yaro ya shiga aji, kuma galibi da Jamusanci ake karatun. Yara kan riga iyayensu kama harshen, har su zama tafintoci.

Su yi rajistar adireshinsu cikin kwana 14 da tarewa. Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, sai a yi cefane tun Asabar. Ƙarfin wutar soket a Amurka volt 120 ne, a Jamus volt 230, don haka kada su sha wahalar jigilar kayan wutar kicin.