Kakaki, Kanzagi da 'Yan Amshin Shata: Amsar Tambayoyinku

Tambayoyin da suka taru mini a wannan karon kamar masu su sun haɗa baki. Duk a fagen kiɗa suka faɗo, alhali babu ko ɗaya cikin masu tambayar da ke neman koyon kiɗa. Wata a aji ta ci karo da kalmarta, wani a labaran rediyo, wani kuma wajen mai shayi ana gardamar siyasa. Ban yi mamaki ba. Bahaushe na iya shekara bai taɓa ganga da hannunsa ba, amma da wuya ya wuni bai ari maganar makaɗa ba.

Wata malamar firamare daga Zariya ta ce: "Malam, yara sun tambaye ni don me ake cewa taken ƙasa, ba waƙar ƙasa ba, tunda rera shi muke yi kullum da safe. Na ce musu sai gobe."

Malama, gara da kika ce sai gobe, da ki ba su amsar da za su riƙe shekara ashirin a karkace. Take a asalinsa ɗan gajeren kiɗa ne, ko busa, da aka keɓe wa mutum ɗaya ko sarauta ɗaya ko sana'a ɗaya, wanda da an ji shi an san da wa ake. Sarki na da takensa, ɗan dambe na da nasa, manomin da ya yi suna a gayya shi ma na da nasa. Suna ne, sai dai da bakin ganga ake kiransa.

Yadda ganga ke iya kiran suna kuwa, sirrin yana cikin harshen namu. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko a ɗaga murya ko a saukar. Ki faɗi "wuya" na jiki, sannan ki faɗi "wuya" ta wahala, ki saurari kanki. Baƙaƙe da wasula iri ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. To abin da kalangu ke kwaikwaya ke nan. Baki biyu gare shi, da siririn ƙugu, da igiyoyin fata da suka haɗa wannan bakin da wancan. Makaɗi ya saƙale shi a hammata. In ya matse, fata ta ɗaure, sauti ya hau. In ya sassauta, ya sauka. Da haka yake bin hawa da saukar jimla da tsawon gaɓoɓinta, wanda ya san jimlar kuwa ya ji ta sarai kamar da baki aka faɗa. Wanda bai san ta ba, kiɗa kawai zai ji. Shi ya sa baƙo a filin dambe zai ga wani ƙato yana zaune lafiya lau, a ɗan taɓa kalangu, ya zabura yana tsuma, baƙon ya rasa me aka yi masa. Kiransa aka yi, a gaban jama'a, ba kuma damar ya ce bai ji ba. Abin da zai biyo baya da bakinsa, yana faɗin ko shi wane ne da irin mazan da ya kayar, shi ne kirari. Mutane kan haɗa su biyun, amma kirari magana ce, take kuwa aikin ganga ne.

Ina yaro, ranar kasuwar garinmu ba sai an aiko kowa ba. Da an ji kalangun mahauta, mata a cikin gida sun san an kayar da sa, sai a fara laluben kuɗin nama. Ba a yi shela da baki ba, amma gari ya ji.

Saboda haka waɗanda suka zaɓi "taken ƙasa" sun san abin da suke yi. Waƙa kowa na iya yi wa ƙasa, ko ɗari ce. Take kuwa ɗaya ne, shi ne wanda in an busa shi a filin wasa a wata ƙasa za a san da ku ake, ku miƙe tsaye. Ana iya sake shi, kamar yadda Nijar ta sake nata a 2023, Najeriya kuma a 2024 ta koma wa wanda ta ajiye tun 1978, amma da wuya a riƙe biyu lokaci ɗaya. Daga nan ne kalmar ta miƙe har ta kai ga taken taro da taken lacca, wato ɗan gajeren zancen da ake gane abu da shi. Ki dai gargaɗi yaran kada su haɗa shi da "nan take". Wannan daga taka yake, wato tun ƙafa na inda aka taka ba a ɗaga ba.

Wani matashi daga Gusau ya jero uku: "Malam, me ya haɗa kakakin majalisa da kakakin da ake busa wa sarki? Kuma mene ne kanzagi? Abokina ya ce mini ɗan kanzagi, na rama da ɗan amshin Shata, amma gaskiya ban san wanne ya fi zafi ba."

Ɗana, ka rama da abin da ba ka san nauyinsa ba, Allah ya sa abotar na nan. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Kakaki doguwar ƙahon ƙarfe ce, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ba kuma a busa wa talaka ita komai kuɗinsa. Tarihin sarakunan Kano ya lissafa ta cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada, tare da figini, wato mafificin gashin jimina. Nupawa da Yarabawa ma da wannan sunan suka san ta. Ba ta da sauti da yawa kamar algaita, ba ta iya lanƙwasa waƙa. Aikinta ta riga sarki isa kunnen jama'a, ta ce ga shi nan tafe. Wanda ya fara kiran mai magana da yawun hukuma kakaki ya dace ƙwarai: murya ce mai kai wa nesa, amma numfashin na wani ne, labarin ma na wani ne. Kakakin rundunar 'yan sanda ya zauna daram a wannan ma'anar. Inda nake da ja shi ne kakakin majalisa. An fassaro shi ne daga kalmar Turanci mai nufin mai magana, alhali mutumin shugabantar zama yake yi, shi ke ba wasu damar magana, shi ke buga guduma. A fada ba mai busa kakaki ke yanke hukunci ba. Amma kalma in ta zauna a bakin mutane, malamin harshe sai dai ya yi gunaguninsa ya bi sahu.

Kanzagi, wasu su ce kazagi, ƙaramar ganga ce da ke raka babba. Ba ta jan kiɗa, ba ta kiran taken kowa, cike gurbi take yi tana ƙara armashi, galibi kuma yaro mai koyo ake ba wa ita. Ɗan kanzagi ke nan: rigimar ba tasa ba ce, ba da shi aka ƙulla ba, amma ya fi mai abin zaƙewa.

Amshin Shata ya fi su daɗin bayani, don akwai dalilin da ya sa aka ce na Shata, ba a ce na wani ba. Ai kusan duk makaɗan gargajiya suna da 'yan amshi. Sai dai a rukunin makaɗan fada masu gangar kotso, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, 'yan amshi ba maimaici kawai suke yi ba. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya sake, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a koma gindin waƙa tare, wato layin da ake ta maimaitawa. Wanda bai haddace waƙar ba, bai kuma san inda maigidan ya dosa ba, ba zai iya tsayawa a bayansa ba. Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, shi kaɗai ke zuba ɗiyan waƙarsa yadda suka zo masa, mutanensa na riƙe da kalangai, in ya kai gaɓa su maimaita gindin nan guda, ya ci gaba, su sake maimaitawa. Ko ya yabi mutum, ko ya yi masa zambo, amshin bai sauya ba. Jama'a suka lura da haka, suka ɗauke shi suka liƙa wa majalisar da duk abin da gwamna ya aiko sai ta ce ta amince.

A nan dole in yi wa mutanen Shata adalci. Riƙe kalangu awa da awanni ba tare da kiɗa ya kwance ba, a bayan mutumin da ba ka san abin da zai faɗa nan gaba ba, ba ƙaramin aiki ba ne. Su sana'arsu ke nan, sun kuma iya ta. Aibin yana kan wanda aka zaɓa don ya yi muhawara ya ɓuge da amshi. Game da wanne ya fi zafi, a ganina naka ya fi. Ɗan kanzagi ko ba komai shi ya kai kansa. Ɗan amshi jira yake a faɗa ya maimaita.

Daga Maraɗi wani bawan Allah ya ce: "Mu kiɗi muke cewa, na ji 'yan Kano na cewa kiɗa. Wanne ne daidai? Kuma makaɗi da mawaƙi da maroƙi ba abu ɗaya ba ne?"

Malam, riƙe kiɗinka, duka biyun Hausa ce. Kiɗi na mutanen yamma ne, su Sakkwato da Zamfara da ku, kiɗa kuma shi aka ɗauka a daidaitacciyar Hausa. Kuskuren da nake yawan gani a rubuce shi ne "kiɗar". Kalmar namiji ce duk da ta ƙare da "a", don haka kiɗan ƙwarya, kiɗan noma. Tushenta kaɗa, amma ta wuce abin da ake bugawa: goge gogawa ake yi, kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya ce ake taɓawa, duk da haka kiɗan goge da kiɗan kuntigi muke cewa. Abin da ake hura wa iska ne kawai ya ƙi shiga, shi ya sa in ana son a game duka sai a ce kaɗe-kaɗe da bushe-bushe.

Sauran ukun kuwa kowa da gidansa. Mawaƙi mai waƙa ne, waƙa kuma ta haɗa ta baka da rubutacciya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulfulde da Larabci don karantar da mata, ba kuwa wanda zai kira ta makaɗiya. Malami na iya zama mawaƙi mutuncinsa na nan, abin da malaman wancan zamani suka yi ta ja da shi kiɗa ne. Maroƙi daga roƙo yake: mai yabo don a ba shi, ko da waƙa ko babu, kamar sanƙiran da ke kutsawa tsakiyar waƙa yana faɗin asalin mutum da iyayensa har sai hannu ya shiga aljihu. Roƙo kuma ba bara ba ne. Mai bara tausayi yake nema, maroƙi kuwa yana da abin sayarwa, wato suna, yana kuma da abin tsoratarwa, wato zambo. Mun daɗe muna yi wa mutanen nan kallon ƙasa-ƙasa, wasu gidajen har ba sa ba su aure, amma ranar biki ko naɗi mu ne kan gaba wajen aika musu goron gayyata.

Ƙarin abu ɗaya don nishaɗi: sandar nan mai lanƙwasa da ake bugun kalangu da ita, ban da sunan gula, ana ce mata makaɗi. A rubuce ita da mai riƙe da ita ɗaya ne. A baki, na sanda duk gaɓoɓinsa a sama suke kamar mabuɗi, na mutum kuwa muryar kan faɗi a tsakiya.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba a Kano: "Kakata kan ce in ka ji ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Camfi ne, ko akwai gaskiya a ciki?"

'Yata, kakarki ba camfi ta faɗa ba, abin da kowane makaɗi ya sani ne. Fatar ganga in ta sha sanyi ko laima sai ta saki, sautin ya yi dum-dum ba daɗi. Sai a ja igiya, ko a shanya ta a rana, ko a kanga ta kusa da wuta. Gwargwadon ɗaurewarta gwargwadon zaƙinta, kuma gwargwadon haka take kusa da tsagewa. Wato abin da ya kawo zaƙin shi ne zai kawo fashewar. A nan karin maganar ta fi yadda ake yawan fassara ta zurfi. Ba cewa take duk abin daɗi zai ƙare ba, wannan kowa ya sani. Magana take a kan abin da aka ja shi fiye da ƙima don ya burge: abotar da ta yi zafi cikin mako biyu, kasuwancin da ake raba riba kowace Juma'a ba a ga hajar ba, yaron gidan da maigida ba ya jin maganar kowa sai tasa. Lura kuma da kalmar zaƙi. Ta harshe ce, ta zuma da rake, muka ara wa kunne, har muna cewa zaƙin murya da zaƙin baki.

Kin kuma tambaya a ƙasan takardarki ko "in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza" tsohuwar karin magana ce, tunda canza aro ce daga Turanci. Aro ce, gaskiyarki. Amma karin maganar ta girmi kalmar, riga kawai aka sake mata. Ki koma wajen kakar taki ki fara mata ita ki yi shiru, ki ji da me za ta ƙarasa. Ina kyautata zaton "sauya" ko "sake" za ki ji.