Tambayoyinku ga likita: yaran da suka tafi jami'a bana

Assalamu alaikum. Tunda aka koma makaranta sakonnin iyayen yan aji daya suka cika min waya, wasu ma karfe biyun dare suke turowa, to ga hudu daga ciki.

Wata uwa daga wajen Gwaram ta ce: "Likita dana yana BUK, ya zo hutu duk ya rame sai wuya, wai olsa ce ta kama shi saboda yunwar makaranta, me zan bashi?"

Hajiya yunwa tana tayar da zafin ciki amma ba ita ke kawo gyambon ba. Yawanci wata kwayar cuta ce mai suna H. pylori, ko kuma yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da yara ke saya a kemis su afa babu komai a cikinsu. Ya je asibitin makaranta a gwada shi, in ita ce maganin kamar na sati biyu ne kuma sai an shanye duka. In ya yi aman jini ko bayan gidansa ya koma baki kamar kwalta, wannan ba a kwana da shi a daki. Maganar rama kuwa ni na san inda kudin ke tafiya, hotokofi da data da kudin mota, abinci shi ne na karshe. Ina aji daya sai na wuni a kan shayi da burodi, abin da ya rike ni kullin kuli-kuli da garin kwaki da yaji ne da innata ke aikowa ta hannun direban motar kasuwa. Ki hada masa wake da busasshen zogale da man gyada, ya fi ki tura kudin zalla.

Wani mahaifi daga karkarar Ringim ya ce yarsa mai sikila ce, ta samu Jami'ar Tarayya ta Dutse, mahaifiyarta ta kasa barci, ko su hana ta tafiya?

Malam kada ku hana ta dan Allah. Abubuwan da ke tayar da ciwon sanannu ne, karancin ruwa a jiki da sanyi da maleriya da gajiya mai yawa, kuma duk hudun suna jiranta a hostel musamman lokacin jarrabawa. Ta rika yawo da gorar ruwa har cikin lakca, ta kwana a gidan sauro, a saya mata abin dafa ruwa saboda wankan asuba da ruwan sanyi a hunturu ba nata ba ne. Folic acid da sauran magungunan da likitanta ya dora ta a kai kada su yanke. Satin farko ta bude kati a asibitin makaranta da takardar likitan nata, kada a bari sai ciwo ya tashi ana neman fayil. Sannan ko mutum daya ne a dakinsu ta san halin da ake ciki kuma tana da lambarku, na san wasu iyayen suna boye zancen saboda maganar aure, amma ranar da zazzabi ko ciwon kirji ko sarkewar numfashi ya zo da tsakar dare wannan kawar ce za ta kai ta asibiti ba ku da ke Ringim ba.

Wata daga Bunkure ta ce duk wata sai danta ya ce taifot da maleriya, a turo kudin allura.

Yaya, gwajin Widal da ake yi a kananan wurare yana yawan nuna taifot alhali babu ita. A gwada maleriya tukuna kafin a sha magani, in ita ce a sha na kwana uku cikakke, a kuma duba ruwan da yake sha. Amma in zafi ya shigo wajen Maris da Afrilu, ga daki cunkushe, yaro ya ce zazzabi da ciwon kai mai tsanani da sankarewar wuya, a yi tunanin sankarau a ruga asibiti a lokacin.

Na karshe shi ya fi taba ni. Wani dattijo daga wajen Kafin Hausa ya sa aka rubuto masa: "Shi ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a, akuya biyu da buhun gero na sayar. Ya fadi kwas biyu, na yi masa fada, tun daga nan ya daina kira, abokinsa ya ce baya fita baya cin abinci. Sammu ne ko shaye-shaye ya fara?"

Baba ka yi hakuri zan fadi gaskiya. Yaron nan a kauye shi ne zakara, kullum na daya, sai ga shi a dakin lakca da daruruwan mutane malami yana zuba turanci ta lasifika bai san ma yana wurin ba, ga shi duk sanda ya rufe ido akuyoyin nan yake gani. Faduwa kwas biyu a shekarar farko ba kora ba ce, kariyoba ake ce mata, zai sake rubutawa badi, da yawa cikin wadanda ka gani da ofis yau sun dauke ta. Amma in mutum ya haura sati biyu cikin bakin ciki, ba barci ko barcin ya yi yawa, ba cin abinci, ya janye daga mutane, muna zargin ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani a warke. Shaye-shaye ma ba zan ce babu ba, tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma har yanzu shi da tiramol suna yawo a hannun matasa, sai dai daga nesa ba ni ba kai ba wanda zai iya ganewa.

Saboda haka ka shiga mota ka je da kanka, ko ka tura kawunsa da yake sakin jiki da shi. Kada a fara da sakamako, a fara da ka ci abinci? kana samun barci? su wa kuke daki? In ya bude baki a tambaye shi kai tsaye ko ya taba jin gara ya mutu, tambayar bata sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauki take kawo masa. In ya ce eh kada a bar shi shi kadai ko na dare daya, a dauke magani da gubar feshi daga kusa da shi, a kai shi asibitin makaranta su tura ku wajen likitan kwakwalwa, akwai a Kazaure akwai a Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano. Addu'a da rubutu a ci gaba da su, a hada da asibitin. In kun hadu kuma zancen akuyoyin nan Baba a ajiye shi a gida.