Ruwan madara ko ruwan toka, wanne za mu shafa a falon amarya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki raba mana gardama. Bikin ƙanwata saura sati 6, gidan da ango ya kama ciki da falo ne, falon taga ɗaya ce ƙarama kuma katangar maƙwabta ta tare ta. Ita ta kafe sai fenti ruwan toka wai shi ake yayi, ni kuma na ce ruwan madara. Kujerunta ruwan ƙasa ne mai duhu. Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ni dai a wannan falon ruwan madara zan zaɓa. Ruwan toka yana da kyau wallahi, amma a falo mai faɗi mai manyan tagogi irin wanda take gani a Instagram, kuma fa masu ɗaukar hoton nan fitilu suke kunnawa ta ko'ina. Fenti mai duhu shanye haske yake yi, mai haske kuma ya maido shi cikin ɗaki, to ki haɗa taga ɗaya da kujeru masu duhu da bango ruwan toka, ranar da aka ɗauke wuta ko ƙarfe 2 na rana ne sai an haska tocila.

Ga kuma ƙurar hunturu, a jikin ruwan madara sajewa take yi, a toka mai duhu kuwa tana fitowa ɓaro-ɓaro. Matsalar madara ɗaya ce, shatin hannu da maiƙo, shi ya sa nake cewa ku sayi fenti mai santsin nan da ake ce wa "satin", wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, kar mai fenti ya lallaɓa ku da emolshon, wato fenti marar sheƙi, don ya fi araha. Amma sai an yi sikiridin tukuna, wato a shafe bangon ya yi sumul kafin fenti, don mai sheƙi ba ya rufa wa bango asiri, duk wani tudu da rami sai ya nuna.

In ranta na kan tokar sosai, a ba ta bango ɗaya, na bayan talabijin, toka mai haske. Kafin ku sayi bokitin lita 20 ku sa mai fenti ya shafa kowanne kaɗan a bangon, shafi biyu, ku bari ya bushe don kala tana canjawa in ta bushe, sai ki kai ta da safe, ku koma da magariba a kunna ƙwai ta gani da idonta.