Zuwa ga ɗana a Yamai, game da zaɓen dattawan ikilisiya

Ɗana, saƙonka ya iso Tawa lafiya, na kuma sa ƙanwarka ta maimaita mini shi don in tabbata kunnena bai ruɗe ni ba. Ka ce za a zaɓi sababbin dattawa a ikilisiyarku bayan Kirsimeti, kana tambaya ko al'ada ta yarda mutum ya rubuta takardar neman kujerar, ya jera makarantun da ya yi da wuraren da ya yi aiki, kamar yadda kuke yi idan ana ɗaukar ma'aikata. Ka ƙara da cewa abin yana ɗaure maka kai, yadda tela da mai gyaran babur suke zaune majalisa ɗaya da faston da ya yi shekaru yana karatun tauhidi, har ƙuri'arsu ta rinjayi tasa. Gwaggonka tana nan lokacin, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na murmusa, amma raina bai kwanta ba, domin mai tambayar jikan mahaifina ne, kuma a gidanmu yaro yakan san waɗannan abubuwa kafin ya san tuƙin keke.

Abin da ya ɗaure maka kai da gangan aka tsara shi haka, kuma ya girmi kakannin kakanninmu. Jon Kalbin, wanda ya shimfiɗa tsarin ikilisiyar birnin Janeba, a ƙasar Turai, a 1541, karatun shari'a ya yi tun farko, kuma ya raba hidima gida huɗu: fastoci, malaman koyarwa, dattawa da masu hidimar matalauta, dattawan nan kuwa daga cikin mutanen gari ake ɗauko su. Jon Noks ya kai irin wannan tsari Sikotilan wajen 1560, daga can ne masu bin wannan tsari, waɗanda ake kira Faresbiteriyan, suka bazu cikin duniya. Har yau a wurinsu fasto yana shugabantar zaman majalisa, amma ba ya yanke magana shi kaɗai, idan kuma aka je babban taron yanki ana ƙoƙari yawan dattawa ya yi daidai da yawan fastoci. Da suka iso Kalaba, a kudancin Nijeriya, a 1846 tare da Hope Waddell, cikin abokan tafiyarsa akwai kafinta da mai aikin ɗab'i, Mary Slessor kuma da ta biyo baya a 1876 a masaƙa ta tashi tana aiki tun tana yarinya. Mu a Nijar ta hannun Turawan ƙungiyar mishan ta SIM bishara ta zo, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924, su kuwa ba 'yan ɗarika ɗaya ba ne; sai daga baya, bayan ikilisiyarmu ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 'yancin kai, zumunci ya ƙullu tsakaninta da Faresbiteriyan na Amurka. Na taɓa karɓar baƙonsu guda da aka gabatar mana a matsayin dattijo, muka shimfiɗa masa tabarma mafi kyau muna jiran wa'azi, ashe manomin masara ne, hirar taki da iri ya fi so.

Masu bi na farko a ƙasarmu ba 'ya'yan sarakuna ba ne, ba kuma masu takardu ba. Manoma ne na wajen Tsibiri da Dogon Dutsi, da masu dafa abinci da masu gadi a gidajen mishan, da waɗanda suka je Danja neman maganin kuturta suka dawo da abin da ba shi suka je nema ba. Kakanka lebura ne a Galmi bayan an buɗe asibitin a 1950, gemunsa ya riga ya cika kafin ya haɗa baƙi da wasali, da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, ya koyi karatu yana bin layi da yatsa. Yakan ce ikilisiya murhu ce, fasto dutse ɗaya, dattawa ɗaya, masu hidima ɗaya, duk wanda ya janye biyu don ɗayan ya fi su kyau zai kwashe tuwonsa a toka.

A ƙauyenmu akwai wani maƙeri cikin dattawa. Lokacin da aka ambaci sunansa an yi gunaguni, domin ƙira sana'ar gado ce da wasu suke yi wa kallon raini, ga shi kuma cikin masu bi akwai wani jinin sarauta da yake ganin kujerar tasa ce. Shi kansa maƙerin da ya ji labari gona ya gudu, sai da aka aika tsofaffi suka tarar da shi ƙarƙashin gawo suka yi ta lallashi, yana cewa shi da ƙyar yake karanta Zabura, me zai faɗa a gaban malam. Haka dai aka ɗora masa hannu yana sunkuyar da kai.

Sai ga yunwar 1974. Ku da kuka tashi a Yamai kun san Lazare a matsayin unguwa, amma a shekarar nan sansani ne na dubban mutanen da fari ya cinye dabbobinsu. Mu ma a yankin Tawa mun ga namu: rumbuna wayam, mata suna tone gidan tururuwa don tsintar ƙwaya, Buzaye da Fulani sun gangaro daga arewa ba raƙumi ba saniya, sun kafa 'yan tsummoki a bayan gari. Ana cikin haka mota ta kawo wa ikilisiya buhunan jar dawa ta agaji, aka jibge su cikin majami'a, ginin ƙasa ce ƙarama, har sai da aka fitar da bencina waje. Ni saurayi ne a lokacin, da yake na yi lakwal sai aka ba ni littafi da biro aka ce in zauna a gefe in rubuta abin da majalisa ta yanke.

Fastonmu yaro ne mai ƙwazo, bai daɗe da fitowa makarantar Littafi Mai Tsarki ba, kuma yana ƙaunar garkensa ƙwarai. Ya buɗe Galatiyawa sura 6 aya 10, inda Bulus ya ce a yi wa kowa alheri, tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba, ya ce dawar ba ta isa gari duka ba, saboda haka a fara da gidajen Kirista, abin da ya rage a duba maƙwabta. Maganarsa tana da tushe, ba wanda zai ce ya karanta ba daidai ba, kuma a cikin ɗakin akwai waɗanda 'ya'yansu suka kwana da ruwan zafi kawai. Aka yi shiru mai tsawo. Maƙerin nan ya gyara zama, ya ce shi bai kai malam sani ba, amma rijiyar da muke sha da liman da mutanensa aka haƙa ta, ranar da matarsa ta rasu kuma 'yan'uwansa Musulmi ne suka riga kowa ɗaukar gatari da magirbi, to da wane ido zai wuce ƙofar gidansu ɗauke da buhu. Ya ce idan aka raba da kowa za a yi kwanaki kaɗan ana ci, idan aka ware kuwa za a yi shekaru ana tunawa. Wani dattijo, mai jinya ne da ya saba lissafin magani, ya ɗauki tsinke ya yi ta zane a ƙasa yana ƙirga bakuna, ya faɗi tiya nawa za ta kai kowane gida. Aka yi gardama har rana ta karkata, jinin sarautar nan ya goyi bayan fasto, daga ƙarshe aka ɗaga hannu, masu ra'ayin maƙeri suka fi yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegari. Faston nan da aka rinjaya shi ne ya riga kowa zuwa, ya naɗe hannun riga, ya riƙe bakin buhu tun hantsi har la'asar, maƙerin yana auna tiya yana shafe bakinta da tafin hannunsa mai kanta, ba tozo ba rami, ni kuma ina kiran sunayen masu gida. Matan Buzaye ba su cikin littafina, faston ya ce in buɗe sabon shafi. Gidansa ya sa a ƙarshe, abin da ya samu gindin buhu ne, rabi ƙura rabi ƙwari. Da yamma liman ya zo da kansa ya tsaya bakin ƙofar majami'a, bai shiga ba, ya yi godiya a taƙaice ya juya. Da muka koma gida kakanka bai yi dogon sharhi ba, cewa kawai ya yi ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Idan ka buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 3, za ka ga ya yarda cewa mai burin wannan aiki kyakkyawan abu yake buri, saboda haka ban ce sha'awarka laifi ba ce. Amma ka karanta abin da ya biyo baya: mai kamun kai, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, wanda ba mashayi ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙon gidansa, ba sabon tuba ba, mai kyakkyawar shaida kuma a wurin waɗanda suke waje. A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai, wanda ya ga abin da ya faru da majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015 ya san darajar maƙwabcin da zai buɗe maka ƙofarsa da dare. Duk waɗannan halaye wasu ne suke ganinsu a jikin mutum, a kasuwa da gidan makoki da wurin biyan bashi. Telan da kake magana a kansa wataƙila ya yi shekaru ashirin mutane suna ba shi yadi suna karɓar ragowar ƙyallensu cif, mai gyaran babur kuwa duk ɗan kabu-kabun unguwa ya san ko yana sa sabon ƙarfe ko tsoho yake wankewa. Amos makiyayi ne, Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci abinci.

Ba na raina karatu, da alli na yi furfura, kuma ikilisiyar birni tana bukatar wanda ya iya lissafin baiko da rubuta wa hukuma takarda da Faransanci mai kyau. Abin da yake damuna shi ne yanzu na fara jin ana kamfen, ana bin mutane a WhatsApp, ana duba wanda ya fi ba da gudummawar siminti, wanda aka zaɓa kuma sai ya ɗinka babbar riga kafin ya san gidan gwauruwa ko ɗaya. A dā dattijo shi ne mai zuwa asibiti da dare, mai zama tsakanin miji da mata har asuba ba wanda ya ji a waje, mai zuwa ya gaya wa abokinsa cewa an dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, ya kuma ci gaba da ziyartarsa har ya dawo. Ban ji ka tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ban kuma san wanda za ka fara yi wa sulhu ba, kai da har yanzu innarka take aiko maka da yaji da kuka.

Gwaggonka ta ce in gaya maka duk mun bar rabin magana a baya, kuma tana da gaskiya. A ƙauyenmu ba mace ko ɗaya a majalisa, amma zumuntar mata ce ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, su suka gyara mini littafina a shekarar yunwa, suka nuna mini gidaje da dama da mazansu suka ji kunyar faɗin yawan bakunansu. Faresbiteriyan na arewacin Amurka sun fara naɗa mata dattawa a 1930, mace ta farko ta zama fasto a wurinsu a 1956, mu kuwa wannan zance ne da kowace ikilisiya take taunawa a hankali. Idan ka zo hutun ƙarshen shekara ka zauna da ita ka tambaye ta ra'ayinta, amma ka ci abinci tukuna, domin ba ta taƙaita magana.