Tambaya da Amsa: Mai Ƙaramin Ƙarfi da Kasuwar Hannun Jari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne mai matsakaicin albashi, na ɗan tara wasu kuɗi ina son in sayi hannun jari da su, amma ana ce mini harkar ta masu hannu da shuni ce. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk wanda ya sayi hannun jari ya shiga sahun masu kamfani, komai ƙanƙantar kasonsa, kuma yana amfana ta hanya biyu: rabon riba idan kamfanin ya yanke shawarar rabawa, da tashin farashin hannun jarin lokacin da ya tashi sayarwa. Ba sai da jari mai yawa ake shiga ba, kuma kuɗin da aka ajiye ba sa juyawa, hauhawar farashi kan cinye darajarsu sannu a hankali.

Haɗarin kuwa ba na wasa ba ne. Idan kamfani ya durƙushe, masu bin sa bashi ake fara biya, masu hannun jari su ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba sa tsira da komai, kamar yadda ya faru da kamfanin Enron na Amurka a 2001. Wani lokaci kuma kasuwar ce baki ɗaya take rikitowa. Daga Oktoba 2007 zuwa Maris 2009, ma'aunin S&P 500, wanda ke bin farashin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da fiye da rabi, bai kuma koma matsayinsa ba sai a 2013. Na Japan ya fi wannan muni, domin ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwa a Disamba 1989, bai sake taka wurin ba sai a Fabrairu 2024.

A nan ne, a ganina, bambancin mai kuɗi da mai ƙaramin ƙarfi yake. Mai kuɗi yana iya jira har kasuwa ta farfaɗo, amma wanda ya zuba kuɗin hayar gida ko na asibiti, da buƙata ta taso dole ya sayar ko da a rabin farashi, sai faɗuwar da take a rubuce kawai ta zama asara ta gaske. Saboda haka kada ka shiga da kuɗin bashi, ko da kuɗin da za ka nema nan da shekara biyu ko uku.

Kada kuma ka tattara komai a kamfani ɗaya. Akwai asusun haɗaka da ke sayen hannun jarin kamfanoni masu yawa a madadin ƙananan masu zuba jari, kuma ga wanda ba shi da lokacin bin diddigin rahoton kamfanoni, shi na fi ba da shawara. Ka tabbatar dillalinka yana da rajista da hukumar da ke sa ido kan kasuwar, ka kuma guji duk wanda ya yi maka alkawarin riba tabbatacciya kowane wata, domin hannun jari ba ya da irin wannan tabbas. Sannan ka tambayi la'adarsa tun farko: idan, alal misali, ana cire kashi 2 cikin 100 wajen saye da wani kashi 2 wajen sayarwa, sai farashi ya tashi da fiye da kashi 4 kafin ka mayar da uwar kuɗinka.